Gishirina da Masaukin Farisa

Tun kafin wani ya riga ni faɗa, ni ne wawan wannan labari. Ku yi dariyarku, na yafe.

Mun tashi da asuba daga Rano, mu uku da jakai, kowa da kayan gishirinsa, za mu ci kasuwar Kibiya. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa. Hanyar da Nasara ya sa aka share bara duk ta koma taɓo. Wata Bafulatana ta sayar mana da fura amma ta ƙi anini, wai ita wuri ta sani, ƙarfe mai huda ba kuɗi ba ne.

Ni kuwa tun daga duwatsun Rano bakina bai huta ba. Wani Alhaji da ya dawo daga gabas ya ba ni labarin masaukan fatake na ƙasar Farisa: doguwar katanga, ƙofa ɗaya da raƙumi ke shiga da kayansa a ka, ɗakuna kewaye, a tsakiya fili da rijiya, nan ake sauke kaya. Karatuna izu uku ne, amma ranar sai ka rantse ni na kwaɓa musu ƙasar ginin.

Da azahar muka isa zangon Kibiya. Fatoman da ke saukar da baƙi tsoho ne sa'ana. Ɗakunansa na laka ne da jinka, duk sun juya wa gabas baya, ƙofa sai ka durƙusa, dokin ƙofa har ƙwauri.

Ya ce, "Malam, a shigar da gishirin ciki."

Na yi tsaki. "Wannan ai akurki ne. A Farisa a fili ake ajiye kaya."

"To, Allah ya ba Farisa lafiya," in ji shi.

Abokan tafiyata suka durƙusa suka shigar da nasu. Ni na jibge nawa a tsakar fili, na shiga gari neman dambu.

Ina tsakiyar loma gabas ta yi baƙi. Na sheƙo da gudu, rawani a hannu, amma ruwa da iska sun riga ni. A akurkin nan ko ɗigo bai shiga ba. Iska ta bugi bayansa, dokin ƙofa ya tare ruwan da ke malala. Nawa kuwa tabarmar ɗauri kawai ta rage, jakai na ta lasar ƙasa suna yi mini godiya. Fatoma kawai ya miƙo mini busasshiyar riga. Gara ma da ya zage ni.

Washegari na dawo Rano da jaki ba kaya. A ƙofar ɗaki na gyara murya na fara yi wa uwargida bayani cewa na gano kowace ƙasa da irin gininta, su can ruwa ba ya damunsu.

Ta ci gaba da tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Shekara sittin kana durƙusawa ka shiga ɗakin nan, Malam. Sai da ka jiƙa wa jakai gishiri ka san dalili?"