Tsagar Baba da Kwamfuta ta Share

"Wannan ba Malam ba ne."

Abin da Inna ta ce ke nan jiya a Fagam, da na nuna mata hoton marigayi Baba da na gyara a kwamfuta.

Shi kaɗai muke da shi, duk ya yi ɗigo-ɗigo da karce. Sai na yi masa dabarar lissafin da muke koyo a jami'a: kwamfuta ta zaizaye kowane tabo daga gefe, sannan ta sake kumbura shi. Babban tabo ya dawo, siriri kuwa ya tafi ke nan.

Hoto ya fito fes. Ina ta jiran albarka.

"Inna, Baba ne mana. Datti kawai na cire."

"To ina tsagarsa? Ita ma datti ce?"

Ashe tsagar kumatunsa siririya ce, ta bi karce an share su tare.

Na koma kan hoton na asali, na ware fuskar na bar ta yadda take, na goge riga da bango kawai. Inna ta shafa kumatun da yatsa, ta yi murmushi.

"Yauwa. Sannu da zuwa, Malam."

Ku fa, wace alama ce in an share ta ba za ku gane naku ba?