Nishin kamiyo a gangaren Gulbin Kaba

Mun tashi da asuba daga Tchaké, kamiyon yayana cike da buhunan gujiya, za mu kai ma'auni a Tasawa. Sabuwar mota ce, ko fentinta bai karce ba. Yaya yana can Tasawa yana jiranmu, ni ya ɗora gaba in zama idonshi. Ku matan ajinmu na yaƙi da jahilci kun san ni, ba a ba ni tsaron abu in yi barci.

Shofer ɗin dattijo ne, tsohon soja, mutumin Mayahi. Ba shi da surutu, goro kawai yake tauna. Hanya rairayi ce, gonaki hagu da dama an tuge gujiya an tara harawa bisa itace don awaki. A Mayahi muka tsaya shan fura. Ta yi tsada bana, kuma gero ya yi mata kaɗan, don kowa ya bar hatsi ya koma gujiya. Na gaya wa mai furar haka a gaban kowa.

Da muka zo gangaren Gulbin Kaba, sai dattijo ya rage bitesi, wato giyar mota, ya taka wani ɗan maɓalli a ƙasa da dunduniyarshi. Mota ta saki wani irin nishi kamar sa a hannun mahauta. Jakai suka watse, wata Bafillatana ta dafe ƙwaryarta ta yi daji. Ni kuwa shekara biyu ina kula da injin niƙa na unguwarmu, na san in inji ya yi wannan kukan, mutuwa zai yi.

Na ce, "Kai, kashe muna mota za ka yi?"

Ya ce, "Ɗiyata, sabon birki ne. Hayaƙi nake toshewa, inji ya riƙe kaya."

Na ce, "Birki a ƙafa yake. Ɗauke wannan dunduniyar!"

Bai ɗauke ba sai da muka sauka. Abin da ya ƙone mani rai ke nan. Kafin Tasawa ya yi haka sau uku, ni kuma ina tarawa a ciki.

Tasawa ta cika. Buhuna jibge sun fi soro tsawo, raƙuma a durƙushe, masu ƙuliƙuli da masu tsire kowa na kiran nashi. Ban kalli ko ɗaya da daɗin rai ba. Ina sauka na sami Yaya gaban 'yan dako, na ce shofer ɗinka yana shaƙe inji don a kalle shi. Da murya na faɗa, don kowa ya ji. Yaya bai san mota ba, saye kawai ya yi, kuma tun da na iya karatu yake ɗaukar maganata kamar ta likita. Yaya ya miƙa wa dattijo hannu ya ba shi makulli. Dattijo ya dube ni, ya zaro makullin ya miƙa wa Yaya, ya ɗauki butarshi da bargonshi daga bayan kujera. Ya yi tafiyarshi.

Kwana biyu muka yi, muka juyo da gishiri da siminti, kaya har sun fi na zuwa nauyi. Yaya ya samo wani shofer mai yawan dariya. Ni da bakina na nuna mashi maɓallin na ce kada ya taɓa. Ya ce shi ma bai san amfaninshi ba. Duk gangare birkin ƙafa yake dannawa. Kafin gulbi na fara jin ƙauri kamar an bar tuwo a wuta. A gangaren kuwa ya taka, ya sake takawa, mota ta ƙi saurarenshi. Muka sulala muka nutse cikin rairayin gulbi, buhuna suka zubo. Wata tsohuwa da muka ɗauko a baya ta karye a hannu. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba.

Mai garaji ya zo daga Mayahi ya taɓa ƙafar motar ya janye hannu da sauri. Ya tambaya me ya hana a yi aiki da birkin inji, ga shi an kawo motar da shi musamman don kada na ƙafa ya yi zafi. Shofer ya waiwayo ya dube ni. 

Na bar su suna tonon mota, na shiga Mayahi da ƙafa ina tambayar gidan dattijo. Matarshi ta shimfiɗa mani tabarma, ta kawo ruwa, ba ta san ko ni wace ce ba. Ta ce bai dawo ba, ya aiko cewa ya wuce Damagaram neman aiki, don a Tasawa labari ya bazu cewa yana lalata motocin mutane, ba mai ba shi makulli. Na sha ruwan, na gaya mata ni ce na baza. Ta ɗauke kwanon ruwan.

Na iso gida da la'asar a bayan amalanke. Abin da na koyo bai da yawa: sanin injin niƙa ba sanin kamiyo ba ne, kuma wanda ya ce maki "ɗiyata" yana bayani, ki bari ya ƙare. Na sa Yaya ya yarda zai mai da wa dattijo makulli. Ranar kasuwa zan koma Tasawa, wurin ma'aunin nan, in faɗa da irin muryar da na yi ta farko cewa ƙarya na yi mashi. Wanda duk zai je Damagaram cikin mazanku, ya gaya wa tsohon sojan Mayahi motar tana jiranshi. Ko zai zo, ban sani ba.