Tukunya Mai Yoyo da Maɗigar Balki

Iya Tumba ba ta yin tatsuniya a bushe. Sai an hura wuta, an kawo mata 'yar kujerarta, an aza masara tana gasuwa, sannan bakinta yake buɗewa. Kakata ce ta wajen uwa, mutuniyar Zurmi, kuma kowace damina takan zo ta zauna da mu a ƙauyenmu na kusa da Katuru, wai don ta taya Inna aiki. Aikin da na fi ganin tana yi dai shi ne faɗa da kaji da tsokanata. Luba mai kunnen zomo take ce mini, don ba a yin magana a gidan ta wuce ni. Da an sallame magariba, hayaƙi ya kori sauro, sai mu kewaye ta mu da yaran maƙwabta, ƙafafunmu duk taɓo, muna jiran ta gama yangarta ta fara.

Iya Tumba da Baba ba sa hira. Ba faɗa suka yi ba, surukuta ce irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta cin abinci inda zai gan ta, in ta ji gyaran muryarsa a zaure sai ta shige ɗaki. Shi ma daga bayan zana yake durƙusawa ya gaishe ta, ya tashi. Duk wani saƙo tsakaninsu ta bakin Inna yake bi, Inna kuwa ba kowane saƙo take iya kaiwa ba.

Daminar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a ce ba na mantawa. Jiharmu ba ta daɗe da samuwa ba, maza in sun dawo daga kasuwar Shinkafi ba su da zance sai na alƙalai da abin da rediyo ya ce, kowa na cewa abubuwa za su canja. Ruwan shanmu dai bai canja ba, sai ma lalacewa da ya yi. Rijiyar ƙauye ta rufta da ruwan farko, muka koma tafki, inda shanu ke sha, inda kuma ruwan sama ke wanko duk abin da ke bayan gari ya zuba. Zawo ya bi gidaje yana kama ƙananan yara, har ya iso kan ƙanwata Balki, wadda a lokacin ta fara dafa bango tana tsayuwa.

Kafin a ankara yarinyar ta zube. Zawo kamar ruwa, ga amai, idanunta suka zurma, maɗigarta ta loɓa kamar an danna da babban yatsa. Baba ya kira wanzamin gidanmu, dattijon kirki, wanda shi ya yi wa dukanmu askin suna. Ya kwaɓa magani ya shafe mata tsakar kai, ya ce, “Haƙori na, ga kuma maɗiga ta hwaɗa. Kak ku ba ta ruwa, ruwan shi ka ƙara gudun cikin. Nonon ma a rage, a bari cikin shi tsaya tukuna.” Abin da kowa ya sani ke nan a ƙauyenmu, haka aka yi wa iyayenmu. Baba ya ce a yi yadda wanzami ya faɗa, magana ta ƙare.

Da rana na ji Iya Tumba a ɗaki tana cewa Inna, “Ɗiyag ga ƙishi ka kashe ta, ba haƙori ba. Dibi bakinta. Tahi ki hwaɗa mai.”

Inna tana kuka ta ce, “Iya, maigida ya riga ya yanke. Ƙaƙa ni ka tsayawa gabanshi in ce wanzami bai sani ba?”

Da magariba ta yi, sai ta sa aka hura wutar ba a ƙofar ɗakinta ba, a can jikin zanar da Baba ke zama bayanta yana cin tuwo. Ba ta nemi masara ba, ba ta tsokani kowa ba. Ta zauna ta ce, “To, ga ta nan ta iso ƙohwar gida. Ku buɗe mata ko in koma da abata?” Muka ce, “Ta shigo mu ji ta!” Muryar da ta ɗauka kuwa har garken shanu ana jin ta.

Wai wasu mata biyu ne, ya da ƙanwa, ba su taɓa haihuwa ba. Suka je gulbi suka yi ta kuka har gulbin ya ji tausayinsu, ya ba kowace ɗan kifi a tukunyar ruwa, ya ce duk wadda ta raya nata har kaka, zai zame mata ɗa. Suka koma gida da murna. Ana nan sai tukwanen biyu suka tsage a gindi, ruwa ya riƙa yoyo yana ja da baya. Hankaka ya sauka a kan danga, ga shi da farar rigarsa, ya ce wa babbar, ke ba ki da wayo? Da kin zuba yake fita, to daina zubawa yoyon ya tsaya. Kuma ai daga sama ruwan yake sauka, sai ki liƙe bakin tukunyar da yumɓu. Ta ga maganar ta yi ma'ana, ta liƙe baki, ta daina zuba ruwa. Yoyo kuwa ya tsaya, don babu sauran abin da zai fita. Da ta buɗe, ta tarar da kifinta ya bushe a gindin tukunya.

Mun sha jin wannan tatsuniya, kuma kullum a wajen nan takan kwaikwayi tafiyar hankaka mu yi ta dariya. Ranar ba ta yi ba.

Ƙaramar kuwa, da hankaka ya zo mata, sai ta jefe shi da muciyar tuwo. Ta ɗauki ludayi ta zauna. In tukunya ta zubar da ludayi ɗaya, ta mayar da biyu. Mutane suna wucewa suna dariya, suna cewa ga mai shayar da ƙasa. Ba ta kula su ba, hannu ya gaji ta canja hannu, har laka ta taru ta toshe tsagar da kanta. Da kaka ta yi, ta ji ana kiran inna daga cikin tukunya.

“Tukunya in tana yoyo,” in ji Iya, fuskarta na kallon zana, “ba a hana mata ruwa. Zuba mata aka yi, kaɗan-kaɗan, hat ta bari. Ta ƙare, na ɗaure bakinta, wanda yaj ji ya ji.”

Ko yaro ya san tatsuniyar ranar ba don mu aka yi ta ba. Daga bayan zana muka ji an ajiye akushi. Can sai Baba ya yi gyaran murya ya ce, “Uwar Balki, tambayi tsohuwa, wane irin ruwa aka zuba ma tukunyag ga?”

Inna tana tsaye a bakin ɗaki da yarinyar a kafaɗa, amma ba ta kai ga buɗe baki ba. Iya ta dubi wuta ta ba wutar amsa. “Ruwan da anka tahwasa yah huce, da ɗan gishiri da sukari, yadda likita tag gwada muna Zurmi. A ba ta nono duk sa'ad da tan nema. In gari ya waye a kai ta asibiti.”

Baba ya tashi da kansa ya tafi wajen mai tebur ya sayo sukari. Iya ta karɓi Balki ta ɗora a cinya, ta riƙa ɗiga mata da ƙaramin cokali. Ta amayar, Iya ta jira kaɗan ta ci gaba. Maganin wanzami kuwa ba ta taɓa shi ba, ta bar shi a kan yarinyar, ta ce ba shi da laifi, kuma ba ta zo garin mutane don ta kunyata dattijo ba. Da safe Baba ya samo mai mashin suka tafi Shinkafi, aka yi mata ƙarin ruwa. Da suka dawo, maɗigar ta cike, Balki tana ta ƙoƙarin fizge ɗankwalin Inna. Daga ranar ba a sake shan ruwan tafki a gidanmu ba sai an tafasa, kuma Baba ne ya tsaya a kan maza har aka yashe rijiyar.

Ba kowane gida ya tsira ba. Ɗan autan maƙwabtanmu ya rasu a wannan daminar da magani a tsakar kansa. Yayyensa suna zaune tare da mu aka yi tatsuniyar, amma ubansu ba ya bayan zana. Har yau in na tuna abin yana ci mini rai.

Sai bayan rasuwar Iya ne Inna ta gaya mini cewa ɗan Iya na fari haka ya tafi, leɓensa a bushe, ga randa cike da ruwa a ɗakin. Sannan na gane dalilin da muryarta ta ƙi yin wasan hankaka a wannan maraicen. Ta yi wa surukinta kunya iyakar yadda aka koya mata, ba ta kira sunansa ba, ba ta dubi idonsa ba, amma ba ta yarda kunyar ta ci mata jika ba.

Yanzu a Kaura Namoda nake aure, Balki kuma tana Banga da 'ya'yanta. Rijiyoyin burtsatse sun ƙaru, ga gishirin zawo na leda a kowane kemis, amma duk damina sai na ji an ce ɗan wance haƙori yake yi, an hana shi ruwa. Da na ji, mayafina nake ɗauka. An sha ce mini shisshigi ya yi mini yawa, wani maigidan ma ya taɓa tambayata ko ni likita ce. Na ce masa a'a, kuma ni ba surukarsa ba ce, don haka ba sai na hura wuta na yi masa tatsuniya ba. Na ce ya miƙo mini kofi da cokali, yaron ƙishirwa yake ji.