Malam Tamba da Matan Jirgin Augie

Shekara ashirin da bakwai, da hantsi Malam Tamba zai jingine kekensa, ya goge madubinsa na duba ƙwayoyin cuta, ya hau duba abin da kowa ke toshe wa hanci. Awon bayan gida ne aikinsa a wani ƙaramin asibiti a Argungu. An tsokane shi har an gaji, shi ko sai dariya.

A daminar 1984 aka kawo Laure, wata mata daga Augie. Ciki a kumbure, yau zawo, gobe bayan gida ya ƙi fita. Sau huɗu yana dubawa, ba tsutsa, ba jini. Ta daina cin abinci, ta rame sai ido. Ta ce ruwa take ji yana motsi a cikinta, wani lokaci har ruwan yakan kira ta Inna.

Da wani ne, da ya rubuta ba komai ya sallame ta. Shi kuwa sai ya tuna wasu mata uku daga ƙauyuka daban-daban masu irin wannan ciwo, kowacce sai gulbi ya cika take zuwa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar yaushe abin ya fara. Dukansu rana guda suka ambata. Ashe duk, har da Laure, suna cikin jirgin ruwan da ya kife ranar wata kasuwa, shekara biyu baya. Nan ɗiyar Laure ta rasu, kuma tun ranar take zargin kanta da sakin hannun yarinyar.

Ya shimfiɗa musu tabarma guda, ya koma gefe. Can ɗayarsu, Baiwa, ta ƙura wa Laure ido.

"Ke ce mai ɗiya da jan kallabi," in ji ta. "Ina kusa da ku, ƙanwata. Wallahi ba ki sake ta ba, ruwa ya ƙwace ta."

Laure ta yi kukan da ta kasa yi ranar jana'iza. Da la'asar ta nemi kunu. Ciwon yakan motsa har yau, amma tana nan da ranta, tana noman albasa.

Malam Tamba, kai ne ka gane cewa firgici ma yakan sauka a hanji. Yau da kake ajiye aiki, mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Ku kuma da kuka saura, kafin ku sallami mai ciwon ciki, ku tambaye shi abin da idonsa ya gani.