Bushiyar da Yaya Ya Bari

Yayana ne ya kawo bushiyar teku gidanmu na Zaitawa. Ya daɗe yana aiki a tashar jiragen ruwa a Legas, kuma da ya yanke shawarar dawowa gida, kayan da ya fara yowa gaba da su ke nan: akwatin gilashi, buhun wani gishiri na musamman, ɗan famfo mai aiki da sola, sai wata baƙar dunƙulalliyar halitta mai ƙayoyi ta ko'ina. Ba ido, ba kai, ba wutsiya. Bakinta ma a ƙasa yake.

Inna ta leƙa akwatin ta ce, "Ana ci?"

Yaya ya ce a'a.

"Tana kuka?"

"Ba ta kuka."

"To, Allah ya kyauta." Ta koma kan tankaɗenta.

Sati biyu ya yi a gida, ya koma Legas haɗo sauran kayansa. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi. Kafin mu sami mota an yi masa sutura a can, don ba a ajiye gawa. Yaya ɗan fari ne, kuma Inna irin matan nan ne na da masu alkunya. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai "yayanka" ko "wancan". A zaman makoki ma ba wanda ya ga hawayenta. In an yi mata gaisuwa ta ce, "Allah ya ji ƙan Musulmi," ta miƙa wa mutum tabarma.

A makokin ne bushiyar ta ji ciwo. Akwatin yana rumfar Inna, mata kuma sun cika gida, sai ni da maƙwabcinmu muka ɗaga shi da ruwansa muka kai ƙuryar ɗaki. Dutsen da ke ciki ya gangaro ya danne ta. Da na ɗaga, ƙayoyin gefe guda sun karye, wurin ya yi sanƙo kamar faɗin kwabo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yaya bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abu mai rai guda ɗaya da ya bari, ni na fasa shi da hannuna.

Na ɗauki jinya. Malamin firamare ne ni, har kimiyya nake koyarwa, saboda haka ban ga dalilin tambayar kowa ba. Busasshiyar ciyawar tekun da Yaya ya bari ta ƙare, na koma ba ta alayyafo da aka ɗan tsoma a ruwan zafi. Lokacin bazara ne, ruwan akwatin kullum raguwa yake. Duk sanda ya ragu sai in dama gishirin nan a bokiti in cika. Ruwan gishiri ya tafi, ruwan gishiri ya dawo, ina laifi?

Ƙayoyi suka fara zuba, har na gefen da dutse bai taɓa ba. Kullum da safe in tarar da uku ko huɗu a kan yashi. Ta daina hawa gilashi, ta daina taɓa alayyafo. Maƙwabta suka ji labari suka fara zuwa dubiya. Wani ya ce a sa kanwa. Wani dattijo daga Ƙofar Ruwa ya tsaya ya daɗe yana kallonta, ya ce shi a saninsa wannan ta mutu tun a Legas.  Inna kuwa in ta shigo shara, gefen akwatin take bi kamar babu shi.

Sai kuma abu ya juya. Ruwan ya daina raguwa, na ce damina ce ta matso, na ajiye bokiti. Bayan kamar sati uku zubar ƙaya ta tsaya. Wata safiya na ga alayyafon da ramuka. Can kuma a wurin sanƙon sai ga wasu ƙananan tsinaye suna fitowa kamar gemun saurayi. Na gaya wa duk malaman makarantarmu yadda ake jinyar bushiyar teku, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Ana haka wani abokin Yaya da ke sayar da kifin ado a Legas ya bugo ya yi mini ta'aziyya, don bai ji da wuri ba. Na ba shi labarin jinyata tiryan-tiryan. Sai ya ce, "Malam, in miya ta tsotse a kan wuta, gishiri ake ƙara mata ko ruwa?"

Na ce ruwa.

"To ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Kai ka yi ta jiƙa ta a gishiri kamar mai yin kilishi. In ta warke, akwai mai zuba mata ruwa zalla kaɗan-kaɗan a gidan nan. Ka bincika."

Mu biyu ne a gidan, binciken bai yi wuya ba. Washegari da na dawo daga sallar asuba ban tsaya gaisawa a zaure ba, na shigo kai tsaye. Inna na tsaye gaban akwatin da kofin silba. Ta ɗebi ruwan ciki kofi guda ta zuba a kwano, sannan ta karkata wata jarka ta cika kofin ta zuba, ta ƙara rabi. Tana ragewa ne don kada ruwan ya hau in gane.

Na san jarkar. Zamzam ne da ta zo da shi daga aikin Hajji. Shekara da shekaru yana ƙarƙashin gadonta, ta ce da shi za a jiƙa likkafaninta. Na taɓa yin ciwon ido na roƙi cikin cokali, ta ce in je kemis.

Na ce, "Inna, gishiri ne ya yi mata yawa. Ruwan rijiya ma da ya yi."

Ta ce, "Ni ban san wannan ba."

Ta ɗaga jarkar ta girgiza. Abin da ya rage bai kai kofi biyu ba. Na ce ta bar sauran, ko don likkafanin. Ba ta kalle ni ba. Bushiyar ta hau gilashi tana motsa sababbin ƙayoyinta, Inna ta sa ɗan yatsa daidai wurin ta waje.

"Da an kawo mini shi, da wannan zan ce a wanke shi," in ji ta. "Ba a kawo ba."

Ta juye sauran a akwatin, ta rufe jarkar, ta ce in zan fita in sayo alayyafo mai kyau, na jiya ya yi yaushi.