Shekarar da Aka Toshe Lungunmu

Kaka ce, kuma kaka mai kyau. Ruwa ya ɗauke a kan lokaci, gyaɗa ta yi 'ya'ya, mutanen Giade da Gadau suna ta shigowa Azare da jakuna a jere. Shekarar tana da wani irin zumuɗi. Kowa yana sauri, kowa yana da abin faɗa, don a lokacin ne siyasa ta shigo gari da ƙarfinta, har aka fara zaɓen wakilai zuwa majalisar gari. Baƙi sun yi yawa a tashar mota, sata ma ta yi yawa. A da in an ce an yi sata, to akuya ce ko kaza. A shekarar nan kuwa mace takan shanya zane ta shiga ɗaki, ta fito ta tarar da igiya kaɗai.

Ina goyon 'yata ta uku a lokacin. Maigidana, wanda nake kira Malam, shi ke yi wa wani Alhaji awon gyaɗa, kuma inda Alhaji ya sa gaba a siyasa nan shi ma ya sa, wato jam'iyyar da ke tare da fada. Yayana tela ne a bakin kasuwa, yana tare da 'yan adawa kamar yawancin teloli. Ba su taɓa ɓatawa ba. Yaya yakan zo zaurenmu bayan la'asar, su shimfiɗa tabarma su yi ta musu har a kira magariba, ni kuma ina jin su ta bayan katanga inda nake tankaɗe.

Abin da ya haɗa ni da siyasarsu lungu ne. Bakinsa yana dab da ƙofar zaurenmu, ya bi ta tsakanin bayan gidaje yana lanƙwasa, ya ɓulla a tsohuwar unguwa kusa da gidan da na girma. Matsattse ne, mai tulu a ka sai ta karkata in ta haɗu da wata. Babu ƙofar gida ko ɗaya da ke kallonsa, don haka maza ba sa zama a ciki, sai ya zama hanyar mata. Mu matan kulle ba a ɗauki bin sa a matsayin fita ba. Ta nan muke zuwa barka da ta'aziyya, ta nan nake zuwa ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana a gidan wata malama.

Ta nan kuma nake zuwa wurin Inna, mahaifiyarmu, kowace safiya. Tun da damina ɓarin jikinta ya shanye. Tana gidan Yaya, matarsa tana dafa mata, tana kyautata mata iyakar ƙoƙari. Amma Inna 'yar Katagum ce, jinin Fulani, kunya ta yi mata yawa. Ta ce ko da dauɗa za ta kashe ta, surukarta ba za ta ga jikinta ba. Ni ce mai yi mata wanka, in shafa mata man shanu a ɓarin da ya mutu, in sake mata shimfiɗa. Dawowa gidanmu kuwa ba ta cikin lissafi, don ba ta zaman gidan suruki. Ko Malam ɗin ba ta iya ambata, sai dai ta ce “mutumin gidanku”. In babu lungun nan, hanya ɗaya ta rage, a fita babban titi a wuce mahauta da rumfunan teloli da tashar mota, tsakiyar maza. Tun da aka kawo ni gidan Malam ban taɓa taka ta da rana ba.

Ana cikin hada-hadar gyaɗa aka fasa rumfar wani tela abokin Yaya, aka kwance kan keken ɗinkinsa. Masu bin sawu suka ce sawun ya shiga lungunmu ya ɓace. Sai wakilin su Yaya ya kai magana majalisa, cewa duk lungun da babu ƙofar gida a cikinsa a toshe shi da katanga, tunda ta nan ɓarayi ke zillewa.

Ran nan zaure ya yi zafi. Malam ya ce hanya ce da kakanni suka bari, kuma tare hanyar Musulmi ba ƙaramin zunubi ba ne. Ya ce ɓarawon da ya iya saɓa kan keke a kafaɗa, ba katangar ƙasa ce za ta tsayar da shi ba. Yaya ya ce ai dole su faɗi haka tunda ba nasu aka ɗauka ba. Ni dai daɗi ya kama ni, har na ƙara wa Malam man shanu a tuwonsa ban gaya masa dalili ba.

Washegari da na gama da Inna na tare Yaya a tsakar gida, na tambaye shi in aka toshe ta ina zan riƙa zuwa. Ya tsaya yana kallona, na ga alama abin bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ya ce za a san yadda za a yi, in tuna da bawan Allahn da aka sace wa keke yana zaune ba sana'a. Ban ƙara ba. Maganar ma ba ta je ko'ina ba, mutanen su Malam sun fi yawa a majalisa, suka yi watsi da ita. Na ɗauka an gama.

Da bazara ta kama, zafi ya kai inda kaji ke buɗe baki a gindin randa, aka fasa siton Alhaji aka kwashe bandir-bandir na yadi. Masu bin sawu suka sake nuna lungunmu. Ban sani ba ko sawun suka gani ko sun saba ne. Kafin Juma'a ta zagayo, wakilin su Malam ya kai magana majalisa, a toshe duk lungun da babu ƙofar gida a cikinsa.

Da la'asar na ajiye rariya na matsa jikin katanga. Sai na ji muryar Yaya yana cewa hanya ce da kakanni suka bari, tare hanyar Musulmi zunubi ne. Na ɗauka tsokanar Malam yake yi da maganarsa ta kaka, na jira in ji dariya. Ba wanda ya yi dariya. Yaya ya ƙara da cewa an san dalili, duk sa'ad da 'yan doka suka watsa musu lacca ta lunguna mutanensu ke tsira, shi ne ake so a rufe. Malam kuwa ya ce tsaron gari ya fi ƙarfin son zuciya, garin da ɓarawo ke da hanyarsa ta kansa ba gari ba ne.

Abin ya ɗaure mini kai, ya ma fi ban mamaki a kan ban haushi. Na san mutanen nan biyu, ɗaya ya goya ni, ɗaya ina kwana gidansa. Na san muryar kowannensu in yana ƙarya, kuma a ranar ba wanda ya yi. Kowa da gaske yake, kamar yadda da gaske yake da kaka. Na yi ta juya abin a raina. Mantawa suka yi? Ko akwai wani abu a cikin siyasa da ke sa magana ta canza nauyi in ta canza baki, wanda mu na cikin gida ba a koya mana ba?

Na bari sai da Malam ya fara cin tuwo, sannan na zauna nesa kaɗan ina yi masa fifita.

Na ce, “Malam, tambaya ce, ba musu ba. Zunubin nan na tare hanya, an ɗage shi ne?”

Ya ce, “Ashe katangar nan tana da kunne. Wancan daban. Su don su kunyata fada suka kawo shi, a ce 'yan doka sun gaza. Mu gyara muke nema.”

“Amma katangar da za a gina iri ɗaya ce?”

“Katangar iri ɗaya ce. Niyyar ce ba ɗaya ba.”

“To, Inna fa?”

Ya daɗe yana gyara loma. Daga baya ya ce zai yi wa mai unguwa magana a asirce, ko a toshe sauran a bar namu, tunda ba kowa zai lura ba. Kuma ya yi. Bayan kwana biyu ya ce mini mai unguwa ya ce ba komai, in kwantar da hankalina, amma kada maganar ta fita.

Yaya shi ma na yi masa tawa tambayar. Dariya ya yi, ya ce ashe karatun nan na gidan malama har da siyasa a ciki. Ya ce da su ne suka gina, da katangar talaka ce, yanzu kuwa ta Alhaji ce. Ya kuma ce in saki jiki, wannan karon domina yake faɗa. Ban gaya masa zancen mai unguwa ba, tunda an ce kada ya fita.

Akwai wata tsohuwa Babarbariya mai tallar daddawa gida-gida da ke bin lungun, kuma ba ta wuce Inna ba tare da ta tsokane ta ba. Ita ta fi mu duka fahimtar abin, ko kuma ita ta fi mu rashin damuwa da shi. Ta ce da kaka ta yi wa mutanen fada addu'a don sun bar mata hanya, yanzu sai ta kwance addu'ar ta ɗaura wa teloli, kuma a shekarunta wannan wahala ce. Takan leƙa ɗakin Inna ta ce, “Ke Bafillatana, ki bar surukar nan taki ta wanke ki mana. Me kike ɓoyewa, zinariya?” Inna ta rama da Fillanci, da rabin bakin da ke motsi, mu yi ta dariya.

Tsohuwar nan ce ta kawo mana labarin laccar da Yaya ya yi. Ranar kasuwa Yaya ya hau kan tebur a gaban jama'a, ya ce ga uwarsa can kwance ba ta iya juyawa, 'yarta ce ke bin lungu kullum tana yi mata wanka, kuma surukinta na cikin masu son raba su. An ce mutane sun yi ta salati, wasu har da ƙwalla. Inna da ta ji, ta juya fuska jikin bango.

Ta ce, “Wankana aka kai kasuwa?”

Ranar ba ta sha kunu ba, kuma ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwar Yaya. Shi kuwa ya kasa gane laifinsa, a ganinsa taimako ya yi.

Daga nan abin ya fita hannun mai unguwa. Lungun da ba wanda ya san da shi sai mata ya zama abin magana a kowace majalisa ta bakin titi. A wurin awo aka fara ce wa Malam ko ya nemo izini daga surukai kafin ya fito. Mutanen su Malam suka ce in aka bar wannan lungun, 'yan adawa za su ce lacca ce ta ci, saboda haka da shi za a fara. Malam ya dawo gida ya faɗa mini haka yana kallon ƙasa. Ban ga amfanin ƙara masa nauyi ba, na ce Allah ya sa haka ya fi alheri.

Wata Laraba magina suka zo da jakunan ƙasa. Na gama da Inna da wuri na dawo, suna kwaɓa a bakin lungun, suka matsa na wuce. Daga baya na tsaya a zaure ina leƙe ta tsagar ƙyaure. Babban maginin na san shi, ɗan jam'iyyar su Yaya ne na gaba-gaba, yana jera tubali yana zagin masu katangar, yana kuma duba ta da ido ɗaya kada ta karkace. Kafin la'asar ta fi tsayin mutum. Aka kafa mata ƙaya a ka. Ko sata ta ragu bayan haka, ban iya cewa ba. Su Malam sun ce ta ragu, su Yaya sun ce ta ƙaru.

Bayan magariba na kai wa Malam ruwa, na ce masa gobe Inna tana bukatar wanka kamar kullum. Ya karɓa ya shanye. Na san abin da ke gabansa. In ya hana, ya tabbatar da maganar da aka yi a kan tebur. In ya bari, matarsa za ta ratsa ta gaban mutanen da ke yi masa ba'a.

Ya ce, “Ki bi ta titi. Ki fita kafin mahauta su rataye nama, ki lulluɓa da kyau. In kin ga wanda kika sani, kada ki gaishe shi.”

Da na idar da asuba na dama kunu, na zuba a ƙwarya na rufe da faifai. Na goya yarinya, na ɗauki kaskon man shanu, na ja mayafi har goshi na fita ta hannun hagu maimakon dama. Titin ya fi yadda na bar shi faɗi. An yi wasu shaguna masu rufin kwano da ban san da su ba, ga wata babbar mota tana lodin mutanen Dambam, direban yana wanke fuska da buta. Mahauta sun riga ni fitowa, amma suna ta fama da fiɗa, ba wanda ya ɗaga kai. Na rage sauri a rumfunan teloli don in ga wacce ce ta Yaya, sai na iya karanta allon da ke samanta da kaina. Kunu ya ɗan huce kafin in isa. Na tarar matar Yaya ta riga ta ɗora ruwan zafi, Inna kuma tana kwance ta zuba wa ƙofa ido. Na ajiye ƙwaryar, na sauke labule, na fara da hannun da ba ya motsi.