Mahaƙa Rijiya a Jikin Katanga

Wata maƙwabciyarmu ce ta kawo wa Inna labarin, wai an zana tarihin gari a jikin katangu a Birnin Kudu, har da mahaifinta cikin mahaƙa rijiya. Inna tana 'yar ƙarama ya rasu, kuma bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Tun daga ranar ta hana ni sakat, ita lallai sai ta je ta ga fuskarsa. Na ce ta bari sai bayan girbi, ta ce ita ba ta yi alkawari da girbi ba.

Muka hau babur daga Kwandiko zuwa Gwaram, daga nan muka shiga bas, ina ta ƙunƙuni a raina.

Katangar farko marina ce. Ta biyu mata ne suna kaɗin auduga, sai wata katangar mai shanu masu dogayen ƙahoni irin na tsohon zanen da ke jikin duwatsun garin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mutanen duk ba su da fuska. Ga hula, ga wuya, ga yatsu har da farce, amma wurin ido da hanci fenti ne kawai ruwan ƙasa. Na ɗauka ba a gama aikin ba ne. Wani mai shayi ya ce ruwan sama ne ya wanke, wani da ke shan shayin ya rantse jiya ma ya gan su da idanunsu. Na rasa wanda zan gaskata.

Rijiyar tana katanga ta ƙarshe, maza biyar kewaye da ita, wani kuma a cikin ramin. Inna ta matsa kusa, ta ja baya, ta goge idonta da gefen mayafi.

"Wanne ne?" ta tambaye ni, ni da ko kabarinsa ban sani ba.

Aka nuna mana mai zanen a tsallaken titi yana rubuta allon wani shago. Ya ajiye buroshi ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce malaminsa ne ya gargaɗe shi kada ya cika halittar mai rai, shi ya sa yake barin fuska. Haushi ya kama ni, na ce to da ya rubuta hakan a tasha mana.

Bai kula ni ba. Ya raka mu ya nuna na cikin ramin, mai riƙe da diga.

"Wannan ne, Inna. Dattawa sun ba ni sunansa da aikinsa, amma babu wanda ya iya faɗa mini kamanninsa. Ke ce 'yarsa. Yaya yake?"

Inna ta daɗe tana kallon wurin da babu komai.

"Dogo ne," ta ce. Can kuma ta girgiza kai. "Ko kuwa ni ce ƙarama a lokacin."

Tausayinta ya cika ni.

"Ɗan nan," ta ce masa a hankali, "ai ni ma abin da na zo tambaya ke nan."